Jar Dawar Iya Marka

Sunan uwar mijina Marka. Tun da aka kawo ni gidan ɗanta ban taɓa furta sunan nan a gabanta ba. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata, wai Firdausi suna ne mai tsawo, kafin ta gama faɗarsa tuwo ya ƙone. Ta rasu bara da rani a gidanmu na Funtua. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce na riƙe ta da kyau, ni kuma in sunkuyar da kai in amsa. Amma akwai abin da ke cin raina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

An haife ta a wata 'yar unguwar Maguzawa da ke bayan Ƙarfi, cikin mutanen da suka riƙe addinin kakanninsu na tun kafin zuwan Musulunci. Can ta auri Dogo, manomin da ake cewa sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kansa. Ta haifi tara, uku suka rayu. Mijina Ayuba shi ne auta. Shi aka sa makaranta a Malumfashi, can ya musulunta, daga baya ya zama malamin firamare a Funtua. Iya ba ta taɓa ce masa don me ba. In ya je gida ita ke cika masa buta, ta kori awaki daga inda zai shimfiɗa tabarmar salla.

Matan wurinsu ba sa zaman ɗaka. Da safe Iya tana gandu tare da maza, da yamma tana gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta, kuma tana da rumbunta na kanta da ko Dogo ba ya leƙawa sai da izininta. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne gyaran rumbu. Kaka na gabatowa za ka ga ana aiko mata daga gida-gida. Ba gini take yi ba, wannan na maza ne. Nata aikin shi ne neman kafa. Takan shiga cikin rumbu a rufe da ita, ta zauna cikin duhu har idonta ya saba, duk inda ta hango ɗigon haske ta sa alama da gawayi. Inda ido ya kasa, sai ta jiƙa yatsa da yawu ta bi bango a hankali, wurin da ta ji sanyin iska nan ma kafa ce. Daga nan ta murɗa tsumma, ta tsoma shi cikin kwaɓin yumɓu da toka, ta cusa da tsinke har sai ya ƙi motsi. Rumbun da ta bi, ɓera da gara da ƙwarin hatsi sai dai su yi haƙuri su nemi na maƙwabta.

Akwai wata jar dawa da gidan su Dogo ke shukawa tun zamanin kakansa. Ba ta da suna a kasuwa, su dai 'yar gida suke ce mata. Doguwa ce, ƙwayarta ja wur, tuwonta ya kwana biyu bai saki ruwa ba. Uwar Dogo ce ta danƙa wa Iya irin, kamar yadda ita ma aka danƙa mata. Ana cuɗa shi da toka, a ƙunshe a tsumma, kuma ƙa'idar gidan biyu ce. Ta farko, a saman murhu ake rataye shi, hayaƙi ya riƙa bugunsa kullum. Ta biyu, in an ɗaure ba mai kwancewa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Na taɓa tambayarta dalilin ta biyun, ina zaton za ta kawo mini zancen iskoki. Sai ta ce a'a, don shekarar yunwa aka yi ta. In aka saba buɗewa, wata rana za a ce bari a ɗan ɗiba a dama wa yara kunu, gobe ma haka, a wayi gari babu na shuka.

Shekara huɗu ke nan 'yan bindiga suka shiga unguwar da rana tsaka, bayan an gama kaka. Dogo ya riga ya rasu, bai ga abin ba. Suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Kowa na gudu da yaransa, ita kuwa tsohuwa ta koma ɗakin girki ta tsinko ƙunshin iri, ta goya shi a baya. Da Ayuba ya same ta a tashar Malumfashi, ko takalmi babu a ƙafarta. Mutanen unguwar sun watse, wasu Tsiga, wasu ƙasar Kaduna. Ayuba ya bi ya tambaya, ba wanda ya fito da ko ƙwaya ɗaya ta 'yar gida. Abin da ya rage a duniya shi ne wannan ƙunshi da bai fi ƙaramar ƙwarya ba.

Gidanmu na haya ne, ɗaki biyu da tsakar gida mai siminti, kuma da gas nake girki. Iya ba ta yi sati ba ta roƙe ni in bari ta kafa duwatsu uku a lungun bayan ɗakinta, ta riƙa hura 'yan itatuwa don irin ya sha hayaƙi. Na ƙi. Na ce mai gidan hayar ya yi sabon fenti, na ce shanyar maƙwabta za ta yi ƙauri, na jero dalilai har ni kaina na kusa yarda da su. Gaskiyar ita ce ba na so matan gidan su ce ƙauye ya biyo ni har ɗaka. Iya ta ce to, ta kafa ƙusa a ɗakinta ta rataye ƙunshin ƙarƙashin kwanon rufi.

Daminar farko ba mu samu gona ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka ta kwance ƙunshin, ta baza irin a faifai, ta zauna tana kallonsa har la'asar, sannan ta mayar ta ɗaure. Ina jin nauyin abin, amma na koma kan girkina.

Bayan kakar shekarar ta fara ganin ƙwari ɗai-ɗai suna yawo a jikin tsumman. Hankalinta ya tashi, abinci ma sai an matsa mata. Wani malamin gona abokin Ayuba ya ce in dai ana son iri ya daɗe, a sa shi wuri mai sanyi da ba laima. Ni sarkin iyayi, ai kafin ya rufe baki na ce ga firjina. Na ji daɗi ƙwarai, don na samu hanyar wanke kaina daga zancen hayaƙi. Firjin na hannu ne, Ayuba ya saya mini don zoɓon da nake ɗan sayarwa, kuma tun zuwansa ba shi da aljihun nan na ƙasa da ake sa kayan miya. Wurin a fili yake, sai muka ce a can ƙasa za a ajiye.

Ranar da za a sa, Iya ta ce in kwashe komai in bar ta da shi. Na kwashe, na tafi wanki. Ina hango ta durƙushe, rabin jikinta cikin firji, ta daɗe ba ta fito ba. Na ce a raina wataƙila irin roƙonsu na gargajiya take yi, ba ruwana. Da ta gama ta naɗe wani buhu ta shimfiɗa can ciki jikin bango, ta ɗora ƙunshin, ta kife faifai a kai. Daga ranar ba ta ƙara buɗe firjin ba. Ta ce kayan ɗiyarta ne, kuma in ana buɗewa sanyin zai gudu. Kullum da safe dai sai ta zo ta ɗora tafin hannu a ƙofar, ta ji yana kaɗawa, ta koma.

Wajen sati uku da haka na fara tashi in tarar da ruwa kwance gaban firji. Da farko na ɗora wa masu ɗauke wuta laifi, tunda a unguwarmu in an ba mu ta da safe, kafin azahar an ƙwace. Sannan na ce robar ƙofa ce ta saki. Wata maƙwabciyata ta ce in maƙala takarda in rufe, in ta zare da sauƙi to robar ce. Takarda ta ƙi zaruwa. Ayuba ya ce ai firjin ne ya karkace, ya cusa kwali ƙarƙashin ƙafafunsa na gaba, ya kakkaɓe hannu kamar ya gama aikin injiniya. Washegari ruwa ya fi na jiya. Ina ganin ruwan yana taruwa a ƙasan firjin ta ciki, in goge na gaba-gaba, amma ban taɓa ɗaga faifan nan ba, don an ce ba a taɓawa. Da wani ɗan tsami ya fara tashi na ce daddawa ce, na jefa gawayi ya tsotse warin. Wata uku cur ina shimfiɗa tsumma a bakin ƙofa ina matsewa ina tsaki. Tunda yana sanyi, zoɓo na tafiya, ban ga abin kiran mai gyara ba.

Sai da santsin ruwan ya kwashe ni da tukunyar miya a hannu, na bugu a ƙugu, sannan na ce yau sai an kira shi.

Mannir mai gyaran firji dattijo ne mai furfura a gemu, mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Ya fara da tambayar ta ina ruwan ke fitowa, ta ciki ko ta baya. Na ce ta ciki. Ya jawo firjin daga bango, ya nuna mini wani ɗan faranti na roba da ke zaune kan injin. A bushe yake ƙamas, har da ƙura da saƙar gizo. Ya ce to ga amsar nan. Bangon ciki na baya kan tara ƙanƙara, in injin ya huta sai ta narke, ruwan ya gangaro ta wata 'yar kwata zuwa wani ƙaramin rami, ya bi tiyo ya sauko cikin farantin nan, zafin inji ya busar da shi. In an ga faranti a bushe kuma ruwa na ciki, to hanya ce ta toshe. Ya ce yawanci ɓurɓushin abinci ne ko yauƙi, ba wani abin tashin hankali ba.

Ya durƙusa zai duba ramin, sai ya tarar ƙunshin ya tare wurin. Ya miƙa hannu, Iya da ke tsaye bakin ƙofa ta ce a bari ita za ta ɗauka. Ta ɗaga faifai, ta ciccibi ƙunshin, ruwa ya biyo shi yana ɗiga. Buhun da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf. Ta kai ƙunshin hancinta sau ɗaya, ta koma bakin ƙofa ta zauna da shi a cinya. Ni a lokacin na ɗauka tsumman waje ne kawai ya jiƙe, hankalina na kan ƙuguna da miyar da na yi asara.

Mannir ya zuƙo ruwan ɗumi a sirinji ya tura cikin ramin, ruwan ya dawo masa. Ya zura waya, ta tokare da abu mai tauri. Ya sa 'yar filaya ya kama bakin abin, ya yi ta murɗawa yana ja, sai ga shi ya fito, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Tsumma ne murɗaɗɗe, an cuɗe shi da yumɓu da toka. Ya ɗaga shi yana dariya, ya ce shekara ashirin yana aikin nan bai taɓa ganin toshiyar da aka yi da gwaninta haka ba, wanda ya yi ta ya san hannunsa.

Ina ganin tsumman na gane shi. Gefen baƙin zanenta ne. Wahalar wata uku ta taso mini gaba ɗaya, na juya a gaban baƙo na ce, "Iya, nan fa ba ƙauye ba ne. Wa ya ce ki taɓa abin da ba ki sani ba?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Kafa na gani, ɗiyata. Na ce kar ƙwari su shiga."

Dariyar Mannir ta ɗauke. Ya tambaya me ke cikin ƙunshin, na faɗa masa. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, ga ruwa a ƙasa, ga wuta da ake ɗaukewa rabin yini har cikin firji ya yi ɗumi, hatsi ba ya jure wannan. Sai a lokacin na ji tsamin sosai, na tuna Iya ta yi shekaru tana jiƙa dawa ta yi tsiro don giyar bukukuwansu kafin ta daina. Ba wanda ya fi ta sanin warin dawar da ta tsira ta wuce ta ruɓe. Tun shaƙar farko ta san komai, ni kuma na zo na ɗora mata magana a kai. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Mannir ya wanke tiyon da ruwan ɗumi har muka ji yana tsiyaya cikin faranti, ya mayar da firjin wurinsa. Ya ce duk wata biyu a riƙa zuba ɗan ruwan ɗumi a ramin, kuma kar a jingina komai da bangon baya. Aikin duka bai kai rabin awa ba. Daga ranar firjin bai ƙara zubar da ko ɗigo ba.

Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Na roƙe ta ta kwance mu shanya, ko Allah zai sa a tsira da wani abu. Ta ƙi. Ayuba ya dawo daga makaranta ya yi nasa roƙon, shi ma ta ƙi. Raina ya sake ɓaci, na ce wace irin ƙa'ida ce za ta sa a bar iri ya ƙarasa lalacewa. Ta ce, "Abin da ke ciki ya riga ya gama. Ku bar mani shi har ruwa ya zo." Sai ta riƙa fito da shi rana a ɗaure, da yamma ta mayar ɗaki. Daga baya na gane ba taurin kai ba ne. Muddin ƙunshin na ɗaure, tana da iri.

Sati biyar aka yi, ruwan shuka ya sauka. Wani abokin aikin Ayuba, Malam Almustapha, ya riga ya ara mana gefen gonarsa a hanyar Bakori. Mu uku muka je. Iya ta zauna gindin wata ɗorawa ta kwance ƙunshin. Abin da ke ciki ya dunƙule ya yi baƙi kamar busasshiyar daddawa, ga fumfuna, ga busassun saiwoyi sirara sun saƙe shi. Ta riƙa ɓarewa da farce tana tsince ƙwayoyin da ba su fashe ba. Tun hantsi har azahar, abin da ta tara bai cika tafin hannu ba. Ayuba ya sara da sungumi, ita ta bi tana jefa uku-uku tana rufewa da diddige. Layi huɗu gajeru suka ƙare.

A al'ada kwana huɗu zuwa biyar dawa take yi ta huda ƙasa. Kullum da safe Ayuba ya ɗauke ta a babur ya kai ta, ta bi layukan a sunkuye tana dubawa, su dawo. Masarar Malam Almustapha da ke gefe ta fito kore shar. Layukanmu ko ciyawa ba ta yi saurin fitowa ba. Kwana na shida gwiwoyinta suka kumbura, ta kasa tashi.

A ranar na yi abin da har yau ban san ko daidai ne ba. Na hau acaba zuwa kasuwar Bakori, na zaga wurin masu hatsi har na samu jar dawa da ta fi kama da tata, na sayi ɗan kaɗan. Na wuce gonar ni kaɗai, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya na tona da yatsa. Ƙwayoyinta na nan yadda ta jefa su, sun yi laushi sun zama ƙasa. Na zuba na kasuwa na rufe. Ko Ayuba ban gaya wa ba.

Bayan kwana huɗu ya shigo gida da murna, wai 'yar gida ta fito. Aka ɗauki Iya aka kai ta. Ta durƙusa da ƙyar, ta kama ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu ta shafa, ta daɗe tana dubawa. Abin da ta ce kawai shi ne dawar ta yi nauyin tashi. Ni kuwa na sauke ajiyar zuciya, na ce asirina ya rufu.

Duk daminar nan Iya ta yi wa layuka huɗun nan hidima kamar gandu guda. Ta yi noman farko, ta yi maimai, ta rage inda suka yi yawa, ta tara tokar masu tuyar ƙosai na unguwarmu ta kai musu. Da suka yi kai ta ɗaura ledoji a kara don korar tsuntsaye. Jikinta ya ɗan dawo, har tana tsokanata wai hannuna na riƙe biro ne da cokali. Na fara gaya wa kaina cewa na kyauta.

Ranar yanka muka koma mu uku. Ayuba ya gaya mini a hanya cewa a gidansu ba a sa wuƙa a gona sai uwar gida ta fara shiga ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika ta ware ta iri, kuma tun yana yaro bai taɓa ganin shekarar da Iya ba ta yi haka ba. Muka tsaya a bakin gona muna jiranta. Ta zauna gindin ɗorawa ta ce wa Ayuba ya shiga ya yanke. Ya dube ni, na dube shi. Ya yanke duka, bai fi dami ɗaya ba, ya kawo gabanta ya ajiye.

Na matsa kusa na ce, "Iya, ba za a ware na iri ba?"

Ta kama hannuna ta juya tafin, ta shafa shi da babban yatsanta, ta riƙe ba ta saki ba.

"A kai duka a niƙa, ɗiyata," in ji ta. "Kin sha rana a kanta, ki ci tuwonki. Irin wannan ko yaushe aka je Bakori ana samu."